Washegarin Shan Kaye: Tarihin Magoya Bayan Buffalo Bills

 Yau tarihi za mu taɓa, kuma tafiyar tamu mai nisa ce. Za mu je Amurka, wani gari mai sanyin tsiya da ake kira Buffalo, mu ga mutanen da suka shafe sama da shekara 30 suna shan kaye a daidai lokacin da suka fi sa rai, mu kuma ga abin da suke yi idan gari ya waye.

Na san wani zai ce, mu da muke fama da Arsenal da Madrid da Barcelona, ina ruwanmu da ƙwallon da ake sa hular kwano ana ture-ture? Ku ɗan yi mini haƙuri. Kafin mu ƙare za ku ga inda maganar ta biyo ta ƙofar gidanmu.

Bari in fara da yadda wasan yake, don kada in bar kowa a baya. Ƙwallon ƙafar Amurka sunan ne kawai, da hannu aka fi yin sa. Mutum 11 ne a kowane ɓangare. Ana ba ƙungiya dama 4 ta ci gaba da yadi 10. In ta yi, a sake ba ta wasu 4, in ta kasa, ƙwallo ta koma hannun abokan karawa. Wanda ya kai ƙwallo ƙarshen fili ya ci maki 6. In an kasa kaiwa can, akwai ɗan wasa guda da aikinsa kawai ya buga ƙwallon da ƙafa ta wuce tsakanin dogayen turaku biyu, wannan maki 3 ne. Ku riƙe wannan mai bugun a ranku, domin kusan rabin labarinmu a kansa yake.

Babbar gasar ƙwararru sunanta NFL, ƙungiyoyi 32. Kowace tana buga wasa 17 a kaka, sai 14 su haye zagayen sili ɗaya ƙwale a watan Janairu. A nan babu gida da waje, babu sai mun haɗu a wasa na biyu. Ka faɗi sau ɗaya, ka tattara kayanka sai baɗi. Wasan ƙarshe shi ne Super Bowl, wanda a agogon Najeriya da Nijar ake farawa wajen ƙarfe 12:30 na dare.

To, Buffalo fa? Gari ne a yammacin jihar New York, a bakin tafkin Erie, dab da iyakar Kanada. A da garin masana'antu ne, ƙarfe da hatsi da jiragen ruwa. A ƙidayar 1950 mutanensa sun kai dubu 580. Sai abubuwa suka fara juyawa. A 1959 aka buɗe wata sabuwar hanyar ruwa da ta ba manyan jirage damar wucewa ba tare da sun tsaya a garin ba. A 1983 babbar masana'antar ƙarfe ta Bethlehem Steel da ke Lackawanna, nan kusa da garin, ta rufe mafi yawan aikinta, dubban magidanta suka rasa abin yi. A ƙidayar 2020 mutanen garin ba su kai dubu 280 ba. Wato fiye da rabi sun watse. Duk wanda ya taso a garin da masaƙu suka mutu ya san irin wannan shirun.

Abin da bai bar garin ba shi ne ƙungiyarsu, Buffalo Bills, wadda wani attajiri Ralph Wilson ya kafa ta fara wasa a 1960. Ta ci kofin wata tsohuwar gasa mai suna AFL a 1964 da 1965, kafin a haɗe gasar da NFL. Daga nan ba ta sake ɗaga babban kofi ba. Don haka lokacin da ƙungiyar ta yi ƙarfi a ƙarshen shekarun 1980, da koci Marv Levy da mai jefa ƙwallo Jim Kelly da su Thurman Thomas da Bruce Smith, mutanen garin sun ɗauke ta a matsayin abin da zai wanke musu fuska a idon sauran Amurka.

Ranar 27 ga Janairun 1991, a birnin Tampa, Bills suka buga Super Bowl ɗinsu na farko da New York Giants. Ana tsakiyar yaƙin Tekun Fasha, an tsaurara tsaro ko'ina. Saura daƙiƙa 8 a tashi, Giants na da 20, Bills na da 19. Aka kira mai bugunsu, Scott Norwood, ya buga daga nisan yadi 47. In ta shiga, kofi ya tafi Buffalo. Ya buga, ƙwallo ta yi nisan da ake so, amma ta kauce ta dama. Tun daga ranar, kalmomin nan biyu na Turanci masu nufin ta kauce dama suka zama abin da ba a son ji a garin.

Yanzu ku tsaya mu yi tunani. A ce kai ne Norwood. Gari guda ya ɗora maka burinsa, ka zubar a gaban miliyoyin masu kallo. Da wace fuska za ka koma gida?

Da ƙungiyar ta koma, dubban mutane suka taru cikin sanyi a dandalin Niagara, gaban ginin hukumar birnin, don tarbar su. Norwood ya laɓe a baya, ba ya cikin waɗanda aka shirya za su yi magana. Sai taron ya fara kiran sunansa, suna cewa Scott muke so, Scott muke so. Ba don su jefe shi ba. Aka turo shi gaba, ya tsaya yana hawaye, ya ce bai taɓa jin ana ƙaunarsa kamar wannan lokacin ba. Wallahi duk lokacin da na tuna wannan sai jikina ya yi sanyi.

Kuma in an bi gaskiya, mutanen sun fahimci wasan. Giants sun riƙe ƙwallo sama da minti 40 cikin minti 60, masu tsaron bayan Bills sun kasa ƙwace ta. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Bugun ƙarshe shi kowa ke tunawa, amma an daɗe da fara zubar da wasan kafin a zo kansa. Bayan shekara guda, a wasan kusa da na ƙarshe da Denver, Norwood ɗin nan ne ya buga maki 3 da suka raba gardama, aka tashi 10 da 7.

Wannan nasarar ta kai su Super Bowl na biyu a Janairun 1992, Washington ta doke su 37 da 24. A ranar ne Thurman Thomas ya nemi hular kwanonsa ya rasa a farkon wasa, aka yi wasanni biyu na farko babu shi. Har yau ana tsokanar su da wannan.

Sai 3 ga Janairun 1993, ranar da ta nuna ɗaya fuskar ɗan kallo. Bills na karɓar baƙuncin Houston Oilers a zagayen farko. Jim Kelly ya ji rauni, mataimakinsa Frank Reich ne a fili. Tikiti bai ƙare ba, don haka bisa dokar wancan lokacin ba a nuna wasan a talabijin a yankin Buffalo ba. Jim kaɗan bayan hutun rabin lokaci, Houston na da 35, Bills na da 3. Jama'a suka fara ficewa suna neman motocinsu. Suna hanya suka ji a rediyo abu ya fara canzawa. Suka juyo da gudu, masu gadi suka ce wanda ya fita ya fita, wasu suka dinga haura shinge. Bills suka ci wasan 41 da 38 bayan ƙarin lokaci. Har yau babu ƙungiyar da ta taɓa farfaɗowa daga ratar maki 32 a zagayen sili ɗaya ƙwale sai su. A Buffalo ana barkwanci cewa in ka ƙirga masu cewa sun zauna har ƙarshe a ranar, sun ninka kujerun filin.

Na kawo wannan ne don kada mu mai da su waliyyai. Su ma suna fidda rai, su ma suna tashi su bar ƙungiyarsu a fili.

Ƙarshen watan suka je Super Bowl na uku, Dallas Cowboys ta yi musu kaca-kaca, 52 da 17, suka zubar da ƙwallo hannun abokan karawa sau 9. Amma abin da magoya baya suka riƙe daga wasan wani abu ne daban. Ana dab da tashi, an riga an gama da su, wani ƙaton ɗan wasan Dallas, Leon Lett, ya tsinci ƙwallo ya ruga zai ƙara maki, har ya fara murna kafin ya isa. Don Beebe na Bills ya biyo shi da gudu tun daga nesa, ya buge ƙwallon daga hannunsa a bakin layi. Bai canza sakamako ba, amma ya zama gwarzo a garin saboda ya ƙi tsayawa.

Janairun 1994, Super Bowl na huɗu a jere, Dallas kuma. Bills na gaba 13 da 6 a hutun rabin lokaci, aka tashi 30 da 13. Babu ƙungiyar da ta taɓa zuwa Super Bowl sau 4 a jere sai su, kuma duka huɗun sun faɗi. Masu barkwanci a talabijin suka samu abin yi. Sauran Amurka ta gaji da ganin su.

Ranar 8 ga Janairun 2000 aka sake. Saura daƙiƙa 16 suna gaban Tennessee Titans 16 da 15. Titans suka karɓi ƙwallo, ɗaya ya jefa wa ɗaya a faɗin fili, ya ruga yadi 75 ya ci. Doka ta ce irin wannan jifa dole ta zama gefe ko baya. Alƙalai suka duba bidiyo suka ce daidai ne. Je ka Buffalo yau ka ce daidai ne, ka ga yadda za a kalle ka.

Daga nan sai fari. Kaka 17 a jere ba su sake shiga zagayen sili ɗaya ƙwale ba. Yaron da aka haifa a 2000 ya kusa gama sakandare bai taɓa ganin ƙungiyar garinsu a wasan Janairu mai muhimmanci ba. Duk watan Satumba a ce bana ce tamu, duk Disamba a koma lissafin baɗi. A cikin wannan farin ne, wajen 2011, wasu magoya baya a Twitter suka fara kiran kansu Bills Mafia da wasa, sunan ya bi su. Aka san su da cika filin Orchard Park ko ana zuba ƙanƙara, da kuma wata wauta ta tsalle a faɗa kan teburin roba a karya shi kafin wasa.

Ranar 31 ga Disamban 2017 farin ya ƙare, kuma ta hannun wani. Bills sun ci Miami, amma sai Baltimore Ravens ta faɗi kafin su haye. Baltimore na wasa da Cincinnati Bengals, ƙungiyar da ta riga ta fita, ba abin da za ta samu. Saura ƙasa da minti guda, a damarsu ta huɗu, mai jefa ƙwallon Cincinnati Andy Dalton ya jefa wa Tyler Boyd, ya ruga ya ci. 'Yan wasan Bills na kallo a talabijin a ɗakin canza kaya a Miami, manyan ƙarti suna tsalle suna kuka.

A daren ne wata al'ada ta samo asali. Magoya bayan Buffalo suka gano Dalton da matarsa suna da gidauniyar taimaka wa yara marasa lafiya. Suka fara tura dala 17 kowa, dala guda kan kowace shekarar fari. Cikin kwanaki kuɗin ya haura dala dubu 300. Ita kuma ƙungiyar ta aika wa 'yan Cincinnati soyayyun fukafukan kaji, abincin da aka san garin da shi. Mako guda bayan nan Jacksonville ta fitar da su 10 da 3, amma al'adar ta zauna.

A 2018 suka ɗauko wani matashi mai jefa ƙwallo, Josh Allen, daga jami'ar Wyoming. Da kakarsa ta rasu a Nuwamban 2020, magoya baya suka dinga tura dala 17, lambar rigarsa, zuwa asibitin yara na Oishei da ke garin, har kuɗin ya wuce dala miliyan 1. A Janairun 2021 suka fitar da Baltimore 17 da 3, mai jefa ƙwallon Baltimore Lamar Jackson ya bugu a ka ya fita. Maimakon dariya, suka tura kuɗi ga wata ƙungiyar ciyar da yara 'yan makaranta da yake tallafawa a Louisville.

Sai daren daƙiƙa 13. Ranar 23 ga Janairun 2022, a gidan Kansas City Chiefs, aka ci maki 25 cikin minti 2 na ƙarshe. Allen ya jefa wa Gabriel Davis ya ci karo na huɗu a wasan, Bills na gaba 36 da 33, saura daƙiƙa 13. A Buffalo an fara rungume juna. Patrick Mahomes ya yi jifa biyu, mai bugunsu ya rama, aka tafi ƙarin lokaci. Chiefs suka ci ƙuri'ar jefa kwabo, suka karɓi ƙwallo, suka ci, wasa ya ƙare 42 da 36 ba tare da Allen ya sake taɓa ƙwallo ba. Surutun ya yi yawa har NFL ta canza doka a watan Maris, cewa a zagayen sili ɗaya ƙwale dole kowace ƙungiya ta samu damarta a ƙarin lokaci. Ku ji abin da ya biyo baya. Magoya bayan Kansas City, waɗanda suka yi nasara, suka fara tura dala 13 kowa zuwa asibitin yaran Buffalo. Sun koya daga wurin waɗanda suka kayar.

Haka a 2 ga Janairun 2023, lokacin da zuciyar ɗan wasan Bills Damar Hamlin ta tsaya a tsakiyar fili a Cincinnati, aka soke wasan. Yana da wani ɗan asusun saya wa yara kayan wasa da ya sa wa burin dala 2,500. Kafin ya bar asibiti, mutane daga ko'ina sun zuba sama da dala miliyan 8.

Yanzu mu zo gwajin da ya fi kama da na zamaninmu. Ranar 21 ga Janairun 2024, Chiefs suka zo Orchard Park. Saura ƙasa da minti 2, Chiefs 27, Bills 24. Mai bugun Bills, Tyler Bass, ya tsaya daga yadi 44 don ya rama. Ta kauce dama. Shekara 33 bayan Norwood, kuskure iri ɗaya.

Amma 2024 ba 1991 ba ce. Norwood ya fuskanci mutane ido da ido a dandali. Bass ya fuskanci waya. Cikin sa'o'i aka cika shafukansa da zagi da barazana har ya rufe su. Sai wasu magoya bayan suka tuna yana tallafa wa wata cibiyar kula da kyanwoyi marasa gida mai suna Ten Lives Club, suka fara tura dala 22 kowa, kuɗin ya kai ɗaruruwan dubban daloli. Gari ɗaya, dare ɗaya, waya iri ɗaya a hannu, wasu sun zaɓi zagi wasu sun zaɓi wannan. Shekara guda bayan nan, da Mark Andrews na Baltimore ya saki ƙwallon da za ta rama wa ƙungiyarsa aka tashi 27 da 25, magoya bayan Buffalo ne suka tara kuɗi don binciken ciwon sukari irin wanda yake fama da shi. Mako guda bayan haka Chiefs suka sake fitar da su 32 da 29, karo na huɗu cikin kaka 5.

Ga inda maganar ta iso gida. Mako 3 cif bayan bugun Bass, ranar 11 ga Fabrairun 2024, Super Eagles suka sha kashi 2 da 1 a hannun Kwaddibuwa a wasan ƙarshe na kofin Afirka a Abidjan. Kun tuna abin da muka yi wa Alex Iwobi? Zagi ya yi yawa har ya goge hotunansa a Instagram, sai da kyaftin Ahmed Musa ya fito yana roƙon a daina. Mutum 11 ne a fili, muka zaɓi ɗaya muka ɗora masa. Da yawanmu da ke sauraron shirin nan muna riƙe da waya a daren. Kowa ya san abin da ya rubuta.

Akwai wani ɓangaren da ba zan tsallake ba, domin soyayya irin wannan akwai masu cin ribarta. A 2014 attajirai Terry da Kim Pegula suka sayi ƙungiyar kan dala biliyan 1.4. A Maris ɗin 2022 aka sanar da gina sabon fili, inda jihar New York za ta ba da dala miliyan 600, ƙaramar hukumar Erie ta ba da miliyan 250. Kuɗin haraji ne, dala miliyan 850, a yankin da sama da kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen babban birninsa ke cikin talauci. Me ya sa hakan ta yiwu? Saboda tsoron kada ƙungiyar ta tashi ta koma wani gari, kamar yadda aka yi wa St. Louis da San Diego da Oakland. Sabon filin ya fi tsohon ƙarancin kujeru, kuma sai ka sayi lasisin kujera kafin a sayar maka da tikitin kaka. A Janairun 2024 da ƙanƙara ta binne tsohon filin, mutanen gari ne suka fito da shebur cikin dare ana biyan su dala 20 a awa. Wasu a Buffalo sun yi magana a kan kuɗin filin, sun ce a yi wa ɗan wasan da ya yi kuskure uzuri, amma a tambayi mai kuɗi da ɗan siyasa lissafi. Ni ina ganin suna da gaskiya. Mu kuwa sau da yawa juyawa muke yi, mu huce a kan yaron da ya zubar da fenariti, mu yi shiru a kan waɗanda suka riƙe kuɗin alawus ɗinsa.

Scott Norwood ya bar wasa bayan kakar 1991, ya koma rayuwarsa a jihar Virginia. Idan ya zo Buffalo har yanzu tafi ake yi masa.

Nan za mu dakata a yau. Wata rana ƙungiyarka za ta faɗi a minti na 90, kuma za a samu wanda ya yi kuskuren. Kafin ka danna tura, ka tuna dandalin Niagara. Ku tura wa abokin nan naku da ba ya iya barci in an ci ƙungiyarsa.